Littafin da ya sa ni kuka, me ya sa 'yan Wales ke yatsina masa fuska?

"Malam, barka da aiki. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare, kuma karatun ƙagaggun labarai shi ne abin hira ta da dare. A hutun da ya wuce na karanta How Green Was My Valley, labarin wani gida na mahaƙa kwal a Wales, har sai da na yi hawaye. Da na bi ra'ayoyin masu karatu sai na ga abin mamaki: Amurkawa da sauran baƙi suna ta zuba yabo, amma da yawa daga 'yan Wales ɗin suna cewa ƙarya ce aka yi wa kwalliya. Wa ke da gaskiya? Kuma in ina son in san Wales ta hanyar labari, wane littafi zan ɗauka?"

Malama, barka kadai. Tambayarki biyu ce a ƙulli ɗaya: me ya raba kan masu karatu a kan wannan littafi, sannan me ya kamata ki ɗora a kansa. Ta farkon ce mai nauyi, don in ta warware, ta biyun ba ta da wuya. Kuma tun kafin mu yi nisa, hawayenki bai tafi a banza ba. Ni ma da na fara karanta shi ina ɗalibi sai da ya taɓa ni. Na yi shekaru ina koyar da adabin Turanci, na kuma ɗan zauna a kudancin Wales lokacin ƙarin karatu, inda nakan je wani zaman masu karatu da ake yi wata-wata a ɗakin karatu na unguwarmu. A can na fahimci cewa rigimar ba a kan daɗin labarin take ba. Kusan kowa ya yarda akwai daɗi. Rigimar a kan wa ke magana ne, da wane harshe, kuma wa yake nufi ya ji.

Ƙasar da ake rigima a kanta

Wales ƙarama ce, mutanenta sun ɗan haura miliyan 3. Tana cikin Birtaniya amma ba Ingila ba ce, kuma kiran ɗan Wales Bature ɗan Ingila hanya ce mai sauƙi ta ɓata masa rai. Tana da harshenta, Welsh, wanda bai yi kama da Turanci ba ko kaɗan. A ƙidayar 1911 masu jin harshen sun kusa miliyan ɗaya. A ƙidayar 2021 sun koma 538,300, wato kashi 17.8 cikin ɗari na 'yan shekara 3 zuwa sama. Don haka adabin ƙasar gida biyu ne: wanda aka rubuta da Welsh, da wanda aka rubuta da Turanci. Mai karatu na waje yawanci gida ɗaya kawai yake gani.

Ƙasar ma ba launi ɗaya ba ce. Arewa maso yamma ta masu fasa dutsen allo ce, irin falalen dutsen da ake rufin gidaje da shi, kuma nan harshen ya fi ƙarfi. Tsakiya da yamma ta manoma ce da makiyaya tumaki. Kudu kuwa ta kwal ce da ƙarfe da tashoshin jirgin ruwa. Kwarin Rhondda a 1851 mutanensa ba su kai 1,000 ba. Zuwa 1911 sun haura 150,000. A 1913 kudancin Wales ya haƙo wajen tan miliyan 57 na kwal, kuma a wannan shekarar ce ramin Senghenydd ya fashe ya kashe mutum 439. Wanda kakansa ya fito daga irin wannan wuri ba ya karanta labarin kwal kamar tatsuniya. Yana karantawa ne yana auna shi da abin da aka gaya masa a gida.

Laifin da ake gani a littafin

Richard Llewellyn ya fitar da littafin a 1939, daidai lokacin da yaƙin duniya na biyu ke farawa, ya kuwa samu kasuwa ba ƙarama ba. A 1941 John Ford ya mayar da shi fim, fim ɗin ya lashe kyautar Oscar biyar, har da ta fim mafi kyau, ya doke Citizen Kane. Amma ba a Wales aka ɗauki fim ɗin ba. An gina ƙauyen ne a tsaunukan Kalifoniya, kuma yawancin manyan 'yan wasan ba 'yan Wales ba ne, wasunsu 'yan Ireland ne da harshensu na Ireland. Tun daga nan duniya ta samu hoton Wales ɗinta: maza baƙi ƙirin da ƙurar kwal suna gangarowa daga aiki suna rera waƙa da murya ɗaya, uwa na jiran su a bakin ƙofa.

Sai maganar marubucin kansa. Llewellyn ya riƙa cewa an haife shi a St Davids, can yammacin Wales, ya kuma bar mutane da tunanin cewa ya san ramin kwal da jikinsa. Bayan rasuwarsa a 1983 aka gano cewa a Hendon da ke Landan aka haife shi a 1906. Iyayensa 'yan Wales ne, wannan gaskiya ne, amma shi aikin otal da na soja ya fi sani, kuma abin da ya tara game da rayuwar mahaƙa ya samo shi ne daga hira da mutanen ƙauyen Gilfach Goch. Masu karatu da yawa sun tsaya a nan, suna cewa ai shi ke nan, maƙaryaci ne. Ni ban ɗauki wannan a matsayin babbar hujja ba, kuma zan dawo kanta.

Abin da ya fi nauyi yana cikin littafin ne. Na farko, ki tuna yadda ya buɗe: Huw Morgan, ƙaramin ɗan gidan, ya manyanta, yana ɗaure kayansa a cikin ɗan shuɗin ƙyallen mahaifiyarsa zai bar kwarin, tsibin tarkacen kwal ya matso har ya fara danne gidan. Duk abin da ya biyo baya tuna baya ne. A wancan zamanin da yake tunawa, ranar albashi uwa takan zauna bakin ƙofa, miji da 'ya'ya su zubo mata kuɗin zinare a ƙyallen gabanta, nama na rataye a kicin, kogin kuma akwai kifi. A zaman masu karatun da na faɗa miki, wani dattijo da mahaifinsa ya yi shekaru a rami ya buɗe daidai wannan shafi ya ɗora yatsa a kai. Ya ce gidan da aka haifi ubansa na haya ne, da 'yan haya a kan 'yan haya, gado ɗaya mutum biyu ke kwana a kai bi da bi, mai aikin dare ya tashi mai aikin rana ya hau. Ya ce abin da ya fi tunawa da ubansa tari ne, tarin ƙurar da ta cinye masa huhu, kuma bai ji wannan tari a littafin ba. Matarsa tana gefensa, ta ce ita dai ta karanta sau uku kuma za ta sake. Haka suka tashi, kowa da nasa.

Na biyu shi ne siyasa. Kwarurukan kudancin Wales tarihinsu tarihin ƙungiyar ƙwadago ne: tarzomar Tonypandy a 1910, yajin aikin gama-gari na 1926, har zuwa dogon yajin 1984 zuwa 1985. A littafin Llewellyn akwai yajin aiki, 'ya'yan Morgan ma su ne 'yan gaba a kafa ƙungiya, amma zuciyar labarin tana wajen uban, mai ganin cewa tsoron Allah da mutunci da riƙon gida sun isa. Sannan akwai wurin da ni ma yake tsaya mini a maƙogwaro: inda aka kashe wata yarinya, mazan ƙauye suka gangara unguwar talakawa baƙi, 'yan Ireland da 'yan Ingila da waɗanda ake kallo a matsayin ruwa biyu, suka zaƙulo mai laifin. Littafin yana nuna cewa lalacewar kwarin daga baƙi ta zo. To amma yawancin mutanen kwarurukan nan jikokin baƙin ne. Kin ga kuwa ba za su karanta wannan babi da murmushi ba.

Na uku harshe ne, kuma a matsayinki na malamar Turanci nan za ki fi ganewa. Taurarin labarin da Welsh suke magana, amma an rubuta da Turanci. Dabarar Llewellyn ita ce ya juya jimlar Turanci ta bi tsarin Welsh, a sa sifa ko aiki a gaba, mai aiki a baya. Ga kunnen baƙo sai abin ya fito kamar waƙa, kowa a ƙauyen ya zama mai hikima, ko gishiri zai roƙa sai ya yi azanci. Ga mai jin Welsh kuwa, maganar yau da kullum ce aka ɗauka aka sa mata rawani. Ki kwatanta da a ce wani ya rubuta labarin Kano da Turanci, duk inda mutum ya ce "ina gajiya" ko "ya ci kasuwa" sai a fassara kalma da kalma. Baƙo zai ce kai, mutanen nan akwai zurfin magana. Ke kuwa kin san gaisuwa ce kawai da zancen kasuwa.

Wannan shi ne tushen saɓanin da kika gani. Amurkawa da yawa da ke yabon littafin jikokin waɗanda suka yi ƙaura ne, ko kuma mutanen da suka baro wani ƙauye nasu da ya mutu. Abin da suke samu a ciki shi ne begen gida. 'Yan Wales suna da kalma ta musamman, hiraeth, kewar wurin da ba ya komuwa, mai yiwuwa ma bai taɓa kasancewa yadda ake tuna shi ba. Littafin gwani ne wajen tayar da wannan. Ɗan gida kuma yana jin an ɗauki talaucin kakansa an wanke shi an goge an sayar wa baƙi, har ya zama duk inda ya je a duniya da wannan hoto ake tarbarsa.

Amma kada ki ɗauka duk 'yan Wales ne ke ƙin sa. Da yawa suna son sa, musamman tun da aka rufe ramukan kuma kwarurukan suka koma kore da gaske. Kuma tsibin tarkacen da yake ta maimaitawa ba ƙirƙira ba ce. Ranar 21 ga Oktoba 1966 irin wannan tsibi ya zame a Aberfan ya rufta kan makarantar firamare, mutum 144 suka mutu, 116 daga cikinsu yara. Wanda ya karanta buɗewar littafin bayan wannan rana ba zai ce duk ƙarya ce ba.

Ɗan gida ma bai tsira ba

Na ce zan dawo kan maganar wurin haihuwa. Dalilin da ya sa ban yarda da ita a matsayin ma'auni ba shi ne Caradoc Evans. Shi ɗan gida ne na haƙiƙa, ya tashi a ƙauyen Rhydlewis a yammacin ƙasar, Welsh ne harshensa na farko. A 1915 ya fitar da tarin gajerun labarai mai suna My People, ma'ana mutanena. Abin da ya zana shi ne manoma masu rowa da mugunta, masu fakewa da majami'a suna danne mata da talakawa. Akwai labarin wata tsohuwa da ta koma cin gasasshen ɓera don ta tara kuɗin sayen Baibul da za ta ba limamin majami'a kyauta. Wutar da ta tashi ba a magana. Jaridu suka yi masa ca, aka yi wa'azi a kansa, har aka riƙa kiransa mutumin da aka fi tsana a Wales.

Me ya sa zafin ya kai haka? Don ya taɓa tsohon miki. A 1847 gwamnatin Landan ta fitar da rahoton bincike kan ilimi a Wales, wanda wasu 'yan Ingila uku da ba sa jin harshen suka rubuta, suka ce mutanen jahilai ne, matansu ba su da kamun kai, harshensu kuma shi ke jawo musu ci baya. Har yau ana kiran abin cin amanar shuɗɗan littattafai, saboda shuɗin bangon rahoton. Daga nan al'ummar ta ɗaura ɗamarar nuna wa duniya cewa ita mai addini ce da natsuwa. Sai ga ɗanta na cikinta ya kwashi wankin gida ya kai kasuwar Landan, da Turanci. Ba a ce duk abin da ya faɗa ƙarya ne ba. An ce ga wanda ya gaya wa.

To ki haɗa su biyun, Llewellyn da Evans. Ɗaya ya yi zaƙi da yawa, ɗaya ya yi ɗaci da yawa, dukansu da Turanci suka rubuta, dukansu sun murɗa harshen don ya yi wa baƙo wani iri, kuma dukansu mai karatun da ke gabansu ba ɗan ƙauyen ba ne. Wannan shi ne abin da kunnen ɗan gida ke kamawa tun a shafin farko, kamar yadda kike gane in ana magana da ke ne ko ana magana a kanki.

Waɗanda suka rubuta don na gida

In kina son ki ji bambancin a jikinki, ki nemi Kate Roberts. An haife ta a 1891 a Rhosgadfan, 'yar mai fasa dutsen allo ce, kuma da Welsh ta yi rubutunta. Littafinta na 1936, Traed mewn Cyffion, an fassara shi da sunan Feet in Chains, ƙafa a mari ke nan. Labarin wata mata ce, Jane Gruffydd, daga zuwanta ƙauye tana amarya wajen 1880 har zuwa yaƙin duniya na farko. Ba waƙa, ba azanci. Bashin kanti ne, da kuɗin takalmin yara, da albashin da ke raguwa, da uwar miji. Wasu ɗalibaina sun ce ya yi musu sanyi, ba abin da ke faruwa. Nakan ce su yi haƙuri su kai kusan ƙarshe. Wasiƙa ta zo daga hukumar soja. Jane ta buɗe, da Turanci aka rubuta, ba ta iya karantawa. Abin da ta gane kawai sunan ɗanta da lambarsa. Ta ɗauki takardar ta tafi kanti, mai kanti ne ya karanta ya gaya mata ɗanta ya mutu. Marubuciyar ba ta tsaya yi mana bayanin abin da wannan ke nufi ba, don masu karatunta sun sani, wasunsu sun riƙe irin takardar. Ita kanta ta rasa ƙaninta a wannan yaƙi. Duk shekarar da na karanta wannan wuri a aji, ajin yakan yi tsit, sai can wani ya ce kakarsa ma kai wasiƙa take yi a karanta mata.

Sai Caradog Prichard da Un Nos Ola Leuad na 1961, wanda aka fassara da sunan One Moonlit Night. Wani mutum ne ke yawo cikin garinsu a daren farin wata yana tuna yarintarsa, da muryar yaro marar wayo yake ba da labarin abubuwan da yaro bai kamata ya gani ba: duka, rataye kai, fyaɗe, yunwa, da mahaifiyarsa da hankalinta ke gushewa a hankali har aka kai ta asibitin masu taɓin hankali. Garin Bethesda ne, inda aka yi yajin aikin mafasar dutse ta Penrhyn daga 1900 zuwa 1903. Mahaifin Prichard ya mutu a hatsarin mafasa yana jariri, mahaifiyarsa kuma ta ƙare rayuwarta a asibitin Denbigh. A 2014 wata mujallar fasaha, Wales Arts Review, ta nemi a zaɓi ƙagaggen labarin Wales mafi girma, wannan ne ya zo na ɗaya. Ki lura da abu biyu. Littafin ya fi na Caradoc Evans duhu a wurare da dama, amma an rungume shi. Kuma Prichard ya yi mafi yawan rayuwarsa ta aiki a Landan yana ɗan jarida. Ashe ba duhu ne laifin ba, ba kuma zaman Landan ba.

Ta ɓangaren kwal, kishiyar Llewellyn kai tsaye shi ne Lewis Jones, wanda ya shiga rami yana ɗan shekara 12, ya zama ɗan gurguzu, aka ɗaure shi a 1926 saboda jawabansa. Littattafansa Cwmardy na 1937 da We Live na 1939 suna da duk abin da dattijon nan ya ce bai gani ba. Gaskiyar magana, a fannin iya rubutu Llewellyn ya fi shi nesa ba kusa ba. Wani lokaci taurarin Jones sai su bar hira su koma jawabin taro. Na taɓa ba wa ɗalibai babi ɗaya daga kowannensu ba tare da sunan marubuci ba. Yawanci sun ce na Jones suka fi gaskatawa, na Llewellyn suka fi son ci gaba da shi. Ni ban ga abin kunya a wannan amsa ba.

Yadda nake auna ra'ayin mai karatu

In na ga yabo ko suka kan labarin da aka kafa a Wales, nakan duba abin da mai maganar ya ambata. In duk zancensa tsaunuka ne da hazo da tsofaffin ganuwoyi da sunaye masu wuyar faɗa, to yawon buɗe ido ya je, kuma ba laifi ba ne. Akwai littattafai masu kyau na wannan buƙata. Here Be Dragons na Ba'amurkiya Sharon Kay Penman, 1985, kan sarki Llywelyn Babba da matarsa Joan 'yar Sarki John na Ingila, yana da masoya masu yawa a waje. On the Black Hill na Bruce Chatwin, 1982, labarin wasu tagwaye manoma da suka shekara tamanin a gona ɗaya a kan iyakar Wales da Ingila, rubutu ne mai tsafta ƙwarai, ko da yake a zamanmu akwai wadda ta ce ji ta yi kamar an sa maƙwabtanta a akwatin gilashi a gidan tarihi. In kuwa mai sukar yana maganar yadda mutane ke furuci, ko wace majami'a, ko nawa ne albashi, to ɗan gida ne ke binciken kayansa. Shi ma yana da makantarsa: yakan manta cewa ƙagaggen labari ba rahoton ƙidaya ba ne, kuma ɗan arewa da ɗan kudu ba sa yarda da juna kan wace ce Wales ta gaskiya.

Akwai kuma Wales ɗin da ɓangarorin biyu suka daɗe suna tsallakewa. Unguwar tashar jirgin ruwa ta Cardiff, wadda ake kira Tiger Bay, ta tara Somalawa da Yamalawa da 'yan Malta da 'yan Afirka ta Yamma da na Karebiyan tun zamanin da ake lodin kwal. The Fortune Men na Nadifa Mohamed, 2021, ya ɗauko labarin gaskiya na Mahmood Mattan, ma'aikacin jirgin ruwa Basomale Musulmi da aka rataye a kurkukun Cardiff a 1952 bisa kisan wata mai kanti da bai aikata ba. Sai a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. Marubuciyar a Hargeisa aka haife ta, a Ingila ta girma, amma littafin ya kai jerin ƙarshe na Booker, babbar kyautar ƙagaggun labaran Turanci, ya kuma lashe kyautar littafin shekara ta Wales a 2022. Wannan ma ya ƙara rushe maganar cewa sai ɗan ƙasa.

Abin da zan ba ki shawara

Da ni ne, sai in fara da Feet in Chains tun How Green Was My Valley bai huce a ranki ba, don ki ji tazarar. Daga nan One Moonlit Night, amma ki shirya, ba na ɗaliban ƙaramar sakandare ba ne. Sai Border Country na Raymond Williams, 1960, labarin malamin jami'a da ya dawo daga Landan ƙauyensu na kan iyaka don jinyar mahaifinsa, ma'aikacin jirgin ƙasa. Duk wanda boko ya ɗauke daga gida ya dawo yana jin kansa baƙo zai ga kansa a ciki. Sai The Fortune Men. In kuma kina neman abin da za ki karanta da 'yan ajinki, akwai Llyfr Glas Nebo na Manon Steffan Ros, 2018, gajere ne, labarin uwa da ɗanta da suka rage a wani ƙauyen arewa bayan bala'in nukiliya, suna rubuta abin da ya same su a littafi ɗaya. Ita da kanta ta mayar da shi Turanci da sunan The Blue Book of Nebo, ya ci lambar Carnegie, kyautar littattafan yara da matasa ta Birtaniya, a 2023, karo na farko da fassararren littafi ya ci ta.

Iyakata a nan ita ce, waɗanda aka rubuta da Welsh a fassara na karanta su, kuma masu jin harshen sun sha gaya mini cewa rabin daɗin Prichard yana cikin karin harshen Bethesda, wanda fassara ba ta iya ɗaukowa duka. Sannan zaman masu karatu ɗaya a kudu ba shi ne Wales ba, kuma ni ɗin ma baƙo ne mai son labarin talauci da aka faɗa ba ado, wannan son rai ne nawa.

Game da littafinki kuwa, kada ki jefar da shi. Ki sake buɗe babin makaranta, inda Huw ya haɗu da malamin da shi ma ɗan Wales ne amma yake jin kunyar asalinsa, yana wulaƙanta yara kan harshensu. Wannan ba ƙirƙira ba ce: a wasu makarantun ƙarni na 19 akan rataya wa yaro ɗan katako a wuya in an ji ya yi Welsh, ya miƙa wa na gaba da aka kama, wanda katakon ke wuyansa lokacin tashi daga makaranta shi ke shan bulala. Dattijon da ya ɗora yatsa a shafin kuɗin zinare, da aka zo wannan babi bai yi musu ba, cewa ya yi kakarsa ta ba shi labarin katakon. Ki karanta wa 'yan ajinki shi, sannan ki tambaye su nawa ake cin tarar wanda aka kama yana Hausa a makarantar da suka baro.